Yadda na haɗa ƙaramin jirgin ruwan tsere na katako a Kumasi

Jirgin da na kwaikwaya shi ne Baby Bootlegger, wanda George Crouch ya zana a Amurka, ya kuma ci Gold Cup, gasar tseren jiragen ruwa masu inji, a 1924 da 1925. Tsawon na asalin ya ɗan haura mita 9. Na rage shi sau goma, nawa ya fito santimita 91, da ɗan injinsa mai aiki da batir.

A Sokoban, unguwar masu katako ta Kumasi, na sayi katako, iri biyu: wawa da mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu. Wawa sunan icen ne a bakin Asante, fari ne, ba nauyi, yana lanƙwasuwa da sauƙi, don haka shi ya zama rufin farko. Mahogani na sama, don kyau. Wani dattijon kafinta ya tsaga mini su sili-sili, faɗin milimita 6, wawa kaurin milimita 1.5, mahogani milimita 1. Da zai miƙo mini sai ya ce, "Ɗana, kada ka taɓa su sai sun yi sati biyu a ɗaki." Gaskiyarsa. Katakon da bai gama shan iska ba yana tsukewa bayan an liƙa shi, haɗin ya buɗe.

Haƙarƙari 12, wato katakan ciki da ake liƙa silin a kansu, na yanka daga filawud mai milimita 4, na jera su a kife kan faifan katako miƙaƙƙe, na ja zare daga hanci zuwa gindi kafin in ɗora ƙashin baya. A nan na yi kuskuren da ya ci mini kwana huɗu. Na rufe gefen dama gaba ɗaya kafin in taɓa na hagu, silin suka ja jikin, hancin ya karkace da milimita 4. Ido ba ya gani sosai, amma a ruwa jirgin zai riƙa janyewa gefe guda. Dole na ɓamɓare. A karo na biyu, sili ɗaya dama, ɗaya hagu, a matse da ƙananan allurai da maƙalar shanya, a bar gam ya kama. Jikin wannan jirgi zagayayye ne, gindinsa kuma mai tsini, don haka kowane sili sai an fiƙe bakinsa, wanda zai sha lanƙwasa sosai a jiƙa shi minti goma cikin ruwan zafi. Jiƙaƙƙe ake ɗaure shi a wurinsa, amma sai ya bushe ake sa gam.

Kafin a rufe sama, a shafe cikin jirgin kaf da ifoksi, wato gam mai haɗi biyu da ke hana ruwa shiga katako, har lungun haƙarƙari. Ruwa ta bututun farfela yake shiga, katakon da ba a toshe ba kuma yana kumbura daga ciki. A cika bututun da giris.

Ƙarasawa ita ce rabin aikin. Na goge da sanfefa lamba 120, sai 240, kullum bin tsawon zaren katako, domin gogen gicciye yana barin zane wanda sai an sa banish yake bayyana. Ifoksi shafi biyu, a auna haɗin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba. Idan an rage na busarwar, danƙo zai yi ta yi, ya ƙi bushewa. Sannan banish shafi takwas, na farko a tsinke shi, tsakanin kowane biyu a bar kwana guda, a bi da lamba 400 da ruwa. Shafi na uku na yi shi da yamma ana tsakiyar damina, da safe na tarar ya yi fari-fari kamar hazo, saboda laima ta shiga kafin ya bushe. Na kankare, na koma shafawa da hantsi. A hunturu kuwa ƙura ce matsalar: a yayyafa ruwa a ƙasa, a kife babban kwali a kan jirgin da zarar an ajiye burushi.

A kwatarniyar ruwa na fara gwada shi. Hancin ya nutse fiye da kima, sai na ja batir baya da santimita 4, jikin ya zauna daidai kan layin da na zana. Bayan awa guda na buɗe, na shafa auduga a ƙasan injin, ta fito a bushe.