Takarda ɗaya ta kusa rusa mana shari'ar alat na bogi

Mai ƙara, Alhaji, dillalin riɗi ne a wani ƙauye a yankin Gumel. An loda buhu 40, an nuna masa alat, washegari ya je wajen mai POS ya tarar babu ko sisi. Ni na gabatar da ƙarar.

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumin irin wannan shari'a, wato sai Dutse. Shaidunmu 'yan dako ne da direba, ga kaka ta yi, wa zai biya musu kuɗin mota duk zama? Sai muka shigar da tuhumar zamba ƙarƙashin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta jiha, a kotun majistare.

Inda na yi ganganci shi ne hirar WhatsApp. An ɗauki hotonta daga wayar Alhaji, aka kai shagon kwamfuta aka buga shafi 11, na miƙa. Lauyan wanda ake tuhuma ya tashi ya nemi takardar shaida ta sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Duk abin da ya fito daga na'ura sai an bayyana wace na'ura ce, yadda aka fitar da shi, da cewa tana aiki lafiya a lokacin, sannan wanda ke kula da ita ya sa hannu. Na san sashen sarai, Kotun Ƙoli ta daɗe da tsayawa a kansa tun shari'ar Kubor da Dickson. Raini ne kawai, na ɗauka a majistare babu mai tayar da shi.

Da na janye takardun kafin alƙali ya yanke, da na gyara na dawo da su. Na tsaya gardama, aka rubuta an ƙi karɓa, kuma abin da aka ƙi ba ya dawowa a wannan shari'ar. Na ce to a kawo wayar kanta. Alhaji ya ce: "Ranka ya daɗe, ai yaro ya yi mata filashin." An mayar masa da ita tun a caji ofis, babu wanda ya rubuta IMEI ɗinta, wato lambar shaidar wayar, balle a rufe ta a ambulan.

Layin da aka yi hirar da shi ma da NIN ɗin wata tsohuwa aka yi masa rajista. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ya wajabta wa kamfanonin waya ajiye bayanan kira shekara 2, amma sunan rajista ba ya nuna hannun da ya riƙe wayar.

Abin da ya cece mu bayanin asusun Alhaji ne, wanda ma'aikacin banki ya zo da shi da takardar sashe na 84, da direban da ya nuna shagon da ya sauke kayan. Yanzu ranar da aka buga hoton hira, ranar nake zaunar da mai shagon kwamfutar ya sa hannu, wayar kuma ba ta komawa gida sai an gama.