Alhaji ya zo a raba wa shafukansa adireshi

Shekara tara ke nan ina gina wa mutane shafukan intanet a ɗan ofishina kusa da Terminus, nan Jos. Mu uku ne: ni, da yaron da ke tsara fuskar shafi, da ƙanwarmu mai kula da rubutu da hotuna. Masu kawo mana aiki yawanci masu otal ne, da makarantun kuɗi, da dillalan kayan gwari na Farin Gada.

Da hunturun bara wani Alhaji da muke yi wa aiki ya shigo ransa a ɓace. Shafuka uku muka gina masa: na dankalin turawa da yake turawa Legas, na motocin dakon kaya, da na masaukin baƙinsa a Rayfield. Wani ya gaya masa a WhatsApp wai tunda duka ukun adireshin IP ɗaya suke kai, Google na danne su a sakamakon bincike, sai ya riƙa biyan dala duk wata a ba kowanne nasa.

Ya ce, "Ɗana, a raba musu gida. Ko nawa ne zan biya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin aljihuna za su shiga, amma shafinka ba zai motsa ba."

Adireshin IP lamba ce ta na'urar da shafi ke zaune a kanta, kamar lambar gidan haya mai ɗakuna da yawa. Tsohon tsarin IPv4 kusan adireshi biliyan 4.3 ya ƙunsa, kuma babban rumbunsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Dole ake cunkuso. Ɗaruruwan shafuka kan zauna a lamba ɗaya, waɗanda ke bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyartarsa, ma sun fi haka. Da Google na hukunta wannan, da masu gaskiya ne za su fi shan wuya. John Mueller na Google ya sha faɗa cewa zama a adireshi ɗaya da wasu ba ya rage wa shafi matsayi.

To ina maganar ta samo asali? Wajen masu maguɗi. Google na kallon linkin da wani shafi ya yi maka kamar shaida ce a kanka. Sai mutum ya gina shafuka talatin marasa komai a ciki, duka suna nuna nasa ɗaya, ya warwatsa su a adireshi daban-daban don kada a gane shaidun 'yan ɗaki ɗaya ne. Su ake sayar wa hajar warwatsattun adireshi da ake kira Class C, sunan wani tsohon tsarin rabon adireshi da aka bari tun 1993. A Afrilun 2012 Google ya fito da wani tsarin tacewa mai suna Penguin don irin wannan linkin bogi, a 2014 kuma ya bi irin waɗannan shafuka ya sauke su. Canza lamba ba ya ɓoye rubutu iri ɗaya da hannu iri ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tallata maganin mai laifi ga ɗan kasuwar da bai yi laifin komai ba.

Da muka buɗe shafukan Alhaji tare, ciwon a fili yake. Yaransa sun ɗora hotuna kai tsaye daga waya, kowanne ya haura megabait biyar, mai ƙaramar data sai ya gaji ya fita. Takardar HTTPS, wato shaidar tsaro, ta shafin masaukin ta mutu, alhali tun 2014 Google ke duba ta, saurin buɗewa a waya kuma tun 2018. A taswirar Google ma babu lambar wayarsa.

Wuri ɗaya nake ɗaukar IP da zafi, wato imel. Wata makaranta ta taɓa tura wa iyaye sakamakon jarrabawa, saƙonnin duka suka faɗa kwandon shara, saboda wani maƙwabcinta a sabar, wato na'urar da suke zaune a kanta tare, yana watsa saƙon damfara har Spamhaus, ƙungiyar da ke bibiyar masu watsa saƙon banza, ta sa lambar a baƙin littafi. Ranar muka kwashe imel ɗinta zuwa wani wajen.

Alhaji bai gamsu nan take ba, sai da ya ga shafin dankalin ya buɗe a wayarsa kafin ya ajiye kofin shayi. Kuɗin da ya ware na dala muka ɗauki mai hoto da su. Ya je Farin Gada da asuba ana lodi, ya ɗauko buhuna da motoci da ma'aikatan, muka rubuta farashin dako da ranakun tashin mota a ƙasa.