Laraba: Malam ya kama ni a layi na biyu

Yau na koma zauren Malam a Mandawari bayan mako biyu ina Legas saro kaya. Da ƙwarin gwiwata na shiga, don ko kwana ɗaya ban bar karatu ba. Kullum wani ɗan ajinmu yana ɗaukar darasi a waya ya tura zauren WhatsApp, wanda muka buɗe tun kullen korona na Afrilun 2020. A masauki nakan saurara sau uku, sau huɗu, har barci ya kwashe ni.

Ina fara biyawa, ban gama layi na biyu ba Malam ya ɗaga yatsa.

"Sake."

Na sake. Bai ko ɗago daga kan buzunsa ba ya ce, "Alhaji, wa kake saurara ban da ni?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙira'a ce nake kunnawa a mota."

Ashe nan gizo ke saƙar. Mu riwayar Warshu muke karantawa, kamar yadda aka gada a makarantun allo, masu ƙira'ar da ke wayata kuwa Hafsu suke yi. Inda Warshu ke cewa "yuminuna" a sassauce, ni na dinga datse hamza ina "yu'minuna". Kwana 14 ina haɗa riwaya biyu a baki ɗaya, waya ba ta ce mini uffan ba. Ina za ta ce? Ni nake jin ta, ita ba ta ji na. Malam kuwa cikin numfashi ɗaya ya cafke abin, ya sa na maimaita har sau biyar ina kallon leɓɓansa. Wasu samari biyu a bayana suna ta murmushi, wai su a dole ba dariya suke ba.

A kasuwar Kantin Kwari yau ba ciniki, sai zafi da ƙarar janareto.

Akwai tambayar da ta kwana uku tana ci na, amma na kasa yin ta da safe. Mutum ya haura 40, ya tambayi abin da yara ke haddacewa a Ahalari? Na yi rafkanuwa a Azahar, na manta sura kuma na ƙara raka'a, na rasa ƙabli zan yi ko ba'adi. Bayan La'asar na shige bayan dilolin atamfa na ɗauki saƙon murya, na goge, na sake ɗauka, sannan na tura wa Malam shi kaɗai.

Shiru har Magariba. Har na fara zargin ko na yi rashin ladabi.

Sai bayan Isha'i amsa ta shigo, minti huɗu cur. Ya ce idan ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli ake yi, sannan ya bi mas'alar daki-daki, ina jin ƙarar takarda yana buɗe littafi. A zaure da jimla ɗaya zai sallame ni, don mutum goma na jiran layi. Wannan kuwa na adana ta, na kuma kunna wa uwargida, ta ce ita ma ta daɗe tana son tambaya.

Gobe Alhamis ba karatu, jibi ma haka. Na goge ƙira'ar motar, na roƙi ɗan ajinmu ya nemo mini ta Warshu kafin Asabar.