Neman ƙumbar lu'ulu'u a kogin Spey

Da safe na hau jirgin ƙasa daga Edinbara, bayan kamar awa uku na sauka Aviemore, can cikin tsaunukan arewacin Sikotland. Wata mai binciken halittun ruwa ce ta tarbe ni, kuma tun a mota ta gindaya mini sharaɗi: kada in faɗa wa kowa daidai inda za mu tsaya a bakin kogin Spey. Tun 1998 doka ta hana taɓa ƙumbar lu'ulu'u, wata halittar kogi mai ɓawo biyu, a ƙasar, amma har yanzu ɓarayi na farke su, alhali ba kowacce ke da lu'ulu'u a ciki ba.

Ruwan ya kai mini gwiwa, sanyinsa har cikin ƙashi. Ta miƙo mini bokiti mai gindin gilashi, na danna shi a ruwa na leƙa. Da farko tsakuwa kawai na gani. Sai ta nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa, rabinsu binne cikin yashi, baki a ɗan buɗe suna tace ruwa.

"Malam, wasunsu sun girmi kakanka," in ji ta. Ashe sukan haura shekara 100.

Haihuwarsu ce ta fi ɗaure mini kai. A ƙarshen lokacin zafi macen kan saki 'ya'ya miliyoyi, ƙanana kamar ƙura. Wanda ya dace, ƙaramin kifin salmon ko tirawut ya shaƙe shi, sai ya maƙale a wurin numfashin kifin, ya yi hunturu a nan. Sauran duk ruwa ya tafi da su. Da sanyi ya wuce sai ya saki kifin, ya nutse cikin tsakuwa ya ɓuya kamar shekara biyar. Idan laka ko takin gona ya toshe tsakuwar, nan ne kabarinsa.

Akwai irin wannan ƙumbar a Ireland, Norway, arewacin Rasha har gabashin Kanada, amma a koguna da yawa tsofaffi kaɗai suka rage. Shi ya sa abokiyar tafiyata ba ta damu da manyan da nake ta yabawa ba, ƙanana take nema. Mun fi awa ɗaya a sunkuye kafin ta kira ni, ta nuna wata da ba ta kai tsawon babban yatsana ba. Ta rubuta a littafinta, muka fito, ƙafafuna sun sandare.