Abin da na kwaso daga ofishin Oga

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin lauyoyin da nake wa aiki tun bayan bautar ƙasa. Ba zan kama suna ba, waɗanda muke haɗuwa da su a harabar kotu a Birnin Kebbi sun san inda nake nufi. Babban abin da na koya a wurin shi ne dokar Najeriya ba daga rijiya ɗaya aka ɗebo ta ba, kuma lauyan da bai fara tambayar asalin dokar da ke hannunsa ba zai kai mai ƙara ya baro.

A aji kowa ya haddace: kundin tsarin mulki na 1999, dokokin majalisu, dokokin Ingila da aka gada har da waɗanda ke aiki can ranar 1 ga Janairu 1900, shari'ar Musulunci, al'adun gargajiya, sai hukunce-hukuncen manyan kotuna. Haddar ba wuya. Wuyar tana ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo a kan gonar mutum.

Wani dattijo ya zo mana da rikicin fadama. Ya saye ta da daɗewa, 'ya'yan mai sayarwa suka ce ubansu jingina ya yi, ba sayarwa ba. Ƙaramar kotu ta ba su gaskiya. Oga ya ce in shirya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, tunda da hujjojin fiƙihu aka yi shari'ar tun farko. Na duba fayil ɗin, na koma na ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganar ciniki ce, ba gado ba. Sashe na 277 na tsarin mulki aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara ya ba kotun nan. Babbar Kotun Jiha ya kamata mu nufa." Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Yaro, ina shiga kotu tun kana firamare."

Muka je, muka ci. Oga ya karɓi godiya, har da buhun shinkafa. Ɗaya ɓangaren suka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, ita kuwa ko kallon shaidun cinikin ba ta yi ba, ta ce kotun da ta ba mu nasara ba ta da hurumi, ta rushe komai. Ranar da dattijon ya zo jin bayani, da hularsa a hannu yana murza ta, Oga ya nuna ni ya ce, "Alhaji, yaran yanzu ne, ba su bincike." Takardar da na rubuta masa ta gargaɗi tana cikin fayil ɗin da ke gabansa, a shafi na biyu. Na yi shiru. Har yau ban ga abin da shirun ya saya mini ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, irin wannan karo tsakanin dokoki ba sabon abu ba ne, kuma a ƙasarmu aka yi fitaccensa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, saboda ya kashe mutumin da ya kama da matarsa. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, don a dokar laifuka ta Turawa tunzurawa tana sauke laifin daga kisan ganganci. Taƙaddamar ba ta kwanta ba har gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat. Daga nan aka sami Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko ta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Ke nan sashen da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ke karantowa kullum ya biyo ta Indiya da Khartum kafin ya iso gaban majistare a Argungu. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kebbi ta bi sahu a 2000, an faɗaɗa aikin ƙananan kotunan shari'a, amma sashe na 277 yana nan yadda yake, dokar jiha kuwa ba ta hawa kan tsarin mulki. Wannan giɓin ne ya cinye shari'ar dattijon.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka raina tsohon magatakardan kotu, sau da yawa ya fi ka sanin littattafan fiƙihu irin su Tuhfa da Risala. In za ka tsaya gaban alƙali, Turancinka ba zai cece ka ba, ka nemi malami ka sa gwiwa a ƙasa. Duk shawarar da ka ba na gaba da kai, rubuta ta, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi a gida.

Dattijon ya sake shigar da ɗaukaka ƙararsa a Babbar Kotu, bayan an roƙa masa ƙarin lokaci. Ya karɓi fayil ɗinsa daga ofishin makon jiya, ya tambayi masinja inda zan koma.