Darasin da zanen Kano na Barth ya koya mini

Kuskuren da ya fi kunyata mai binciken tarihi a kan Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, shi ne ɗaukar zanen littafinsa tamkar hoton kyamara. Na ga an kafa hujja da zanen Kano daga Dutsen Dala a kundin digiri, an ƙirga bishiyoyi, an bayyana suturar mutane, kuma malamin da ya duba aikin ya sa hannu bai ce uffan ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Barth ya shigo Kano a Fabrairun 1851, ba shi da kyamara. Abin da ya yi zane ne na gaggawa a takarda. Daga baya aka miƙa zanen ga Johann Martin Bernatz, mai zane a Jamus, wanda ya san Habasha amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi ya cike giɓin, ya ƙawata, sannan masu ɗab'i suka kwafa a kan dutsen buga zane domin mujalladai biyar na littafin tafiyarsa da suka fito a 1857 da 1858. Hannu uku ke nan kafin zanen ya iso gare ka.

Saboda haka ka raba zanen gida biyu. Tsarin ƙasa, wato tudu da kwari da inda gari ya zauna, ana iya dogara da shi. Mutane da dabbobi da tsirran da ke gaba-gaba kuwa, kada ka amince sai ka samu bayaninsu a rubutun Barth na kwanakin. In babu, ajiye su. Sannan ka hau Dala da kanka, ka nemo Goron Dutse, ka gane inda ya fuskanta. Taswirarsa ta unguwannin Kano ta fi babban zanen amfani nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da kyan da zai sa a ɗora ta a bangon littafi.

Rubutun nasa ma sai an yi hattara da shi. Mutum 30,000 da ya ce suna zaune a Kano ƙiyasi ne, bai yi ƙidaya ba. Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Timbuktu da ya samu a Gwandu, ya jingina shi ga malamin Timbuktu Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'di ne. Kuma ka karanta labarin Dorugu, yaron Damagaram da ya bi shi har Ingila, domin sun yi tafiya mai yawa tare, amma abin da Dorugu ya lura da shi daban ne.