Asabar: wufa ta shiga mota

Yau dai Allah ya yi, ni da ƙanena mun haɗa wufa, wato babbar sifikar nan mai fitar da bugu mai kauri, da amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, a cikin mota. Tun hantsi muke kai, sai bayan la'asar muka rufe but.

Kafin a taɓa komai sai da na sa sifana na kwance kan batir na nagatif, na kawar da wayar gefe. Daga nan muka ja jar waya mai kauri, geji 4 (ma'aunin kaurin waya ke nan), ta tagulla zalla, daga bonet zuwa but. Inda za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ta cikin zoben roba muka zura ta, don gefen ƙarfen nan yana da kaifi, girgizar mota kuma a hankali za ta sa ya ci rigar wayar.

A kan fis muka ɗan ja da yaron. Ya ce, "Yaya, ai akwai fis a jikin amfilifayar, na mene ne wani kuma?" Na ce masa wancan amfilifayar kaɗai yake tsaro. Wannan da za mu sa kusa da batir, wayar yake tsaro, da motar gaba ɗaya. Batirin mota bolt 12 ne kawai, shi ya sa mutane ke raina shi, amma in jar waya ta fige ta taɓa jikin mota, ɗaruruwan amfiya ne za su bi ta lokaci guda. Ta yi ja, ta narke, kuma a ƙarƙashin kafet take kwance. Duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro, don haka muka ɗaura gidan fis ɗin ƙasa da santimita 45 daga kan batir. Wannan abu ne da ba na sassauci a kansa ko kaɗan.

Wayar at, wato wadda ke haɗa amfilifayar da ƙarfen jikin mota, gajera muka yi, kaurinta ɗaya da jar. Na kankare fenti har ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli, sannan na ɗaure noti tamau. Wayoyin RCA, masu kawo sauti daga rediyon mota zuwa amfilifayar, ta ɗaya gefen motar suka bi, nesa da ta wuta, kada kukan inji ya riƙa fitowa a sifika.

Wufar tana da koyil biyu, wato naɗin wayar da ke cikinta, kowanne om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa lantarki). Mun haɗa su filos da filos, mainas da mainas, suka koma om 2, bayan na duba takardar amfilifayar na ga tana ɗaukar hakan. Mita ma ta nuna kusa da haka.

Fis ne ƙarshen shiga, sai na mayar da kan batir. Koriyar fitilar amfilifayar ta kama. Na sa matatar sauti a has 80 don sauti mai kauri kaɗai ya isa wufar, na riƙa ɗaga gen, wato maɓallin daidaita ƙarfin sautin da ke shiga amfilifayar, kaɗan-kaɗan, da na ji bugun ya fara shaƙewa na dawo da shi baya. Ƙanena na so a ƙure shi, na hana, domin ta haka ne ake ƙona koyil. Gobe zan ɗaure akwatin wufar da bel, saboda yana zamewa in an taka burki.